Lodin Baba Alu

Tun bayan isha'i nake soro,
kwamfuta bisa bulo biyu don ta sha iska.
Mabera ta yi tsit,
sai janareton Jabbi mai caji yana tari.

Wasan tuƙin tirela ne.
Waɗanda suka ƙera shi ba su san hanyar Illela ba,
titinsu sumul, ko akuya ba ta gilmawa.
Sai na shiga tara ƙari:
wani ya zana bodin katako mai dawisu,
wani ya naɗo oda mai tada barci,
wani ya haƙa ramuka, Allah ya saka masa.
Talatin da bakwai, na zuba su jaka guda.

Na kunna, allo ya yi baƙi.
Na sake, mota ta fito ba taya,
tana shawagi bisa gada kamar shirwa.

Jabbi ya ce, manaja kake buƙata,
ɗan kamashon da zai jera maka kaya.
Biyu ne ake yayi.
Ɗaya ƙato, mai ado, komai shi zai yi maka,
amma sai ya ci datar dubu biyu kafin ya gaishe ka.
Ɗayan ramamme, fuska ba fara'a,
ba ya taɓa uwar wasan,
kowane ƙari da ɗakinsa,
sai dai jeri, wannan naka ne.

Na tambayi aljihu. Aljihu ya zaɓa.

Na kwafe tafiyar wata huɗu a filashi
don gudun kuka,
na nuna wa ramamme inda wasan yake kwana.
Yana tamanin da uku aka ɗauke wuta.
Na ce abin da bai kamata ba.
Da ya gama kuma, ja, ja, ja,
wannan na rigima da wancan,
wancan na jiran wani da ban sauko da shi ba.

Zafi ya koro Baba Alu daga ɗaki,
tabarma a hammata.
Shekara talatin da ɗaya yana kai albasa Fatakwal
kafin yana ta rufe masa ido ɗaya
a karɓe makulli.
Ya sunkuyo. Mi kaka yi?
Na yi bayani ina in'ina.

Ya ce, wa yal loda ma wanga kaya?
Ko ɗan jiya ba ya haka.
Abin da ad da nauyi shi ka shiga farko.
Hanya tukuna. Sannan mota. Sannan fenti.
Mota guda, oda biyu? Sauke guda.
Kowane buhu ka aza,
girgiza ta ka ji kafin ka ƙara.

Haka muka yi.
Ni da linzami, shi da baki.
In ja sama, ya ce ƙasa,
in ɗora, in kunna, in kashe, in ɗora.
Shida muka bari a tasha,
har da dawisun, na so shi,
ya ce ba a ɗaukar fasinjan da ka hana mota tashi.

Biyu da kwata jan ƙarshe ya ɓace.
Inji ya yi gyaran murya.
Taya goma sha takwas, duk a ƙasa.

Na ɗora yatsunsa a kan maɓallai huɗu,
yatsun da sitiyari ya yi wa kanta.
Ya fita tasha a hankali,
ya duba madubi, madubin da babu,
ya faɗa rami na farko,
kafaɗarsa ta girgiza da kanta.
Ya yi dariya har da tari.
Na Gwadabawa ya fi wanga zurfi, in ji shi.

Batir saura shida.
Manaja na tambaya me za a kira wannan jeri.
Ban amsa ba tukuna,
yana ƙoƙarin wuce wata tanka
kuma bai son a yi masa magana.